Shin in sayi kwamfuta yanzu saboda manyan wasannin da ake jira, ko in dakata?

Bashiru, Nima

Assalamu alaikum yayyena. Sana'ata gyaran waya a Circle, kasuwar wayoyi ta Accra, kuma na jima ina tara kuɗi domin in sayi kwamfutar da za ta iya ɗaukar manyan wasannin intanet, irin waɗanda dubban mutane suke shiga duniya guda a lokaci guda, kowa da jaruminsa, ana fatauci, ana yaƙi, ana kafa ƙungiyoyi. Waɗanda suka tsaya mini a rai su ne Chrono Odyssey da ArcheAge Chronicles, na kamfanin Kakao Games da ke Koriya ta Kudu, sai kuma wanda Riot Games yake ginawa a duniyar League of Legends. Wani mai shago ya nuna mini kwamfuta ta hannu mai RAM (ƙwaƙwalwar aiki) gigabait 16 da katin hoto (sashen da ke zana hotunan wasa a allo) mai ɗan dama, ya ce idan ban ɗauka a wannan watan ba farashinta zai tashi. Shin ya dace in saye ta yanzu in ajiye ina jira, kuma idan aka buɗe biyan kuɗi tun kafin fitowar wasa, in biya domin in shiga cikin rukunin farko? Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin wannan harka.

Malam Sani, Aboabo

Wa alaikumus salam ƙanena. Na soma irin waɗannan wasanni a shagunan intanet na Kumasi tun lokacin da ake biyan kuɗin awa a zauna a kan RuneScape, don haka zan faɗa maka abin da shekaru suka nuna. Babu nau'in wasan da ya kai wannan yawan saɓa alkawarin ranar fitowa, kuma dalilin a fili yake: ana buƙatar ɗaruruwan ma'aikata na tsawon shekaru, da manyan kwamfutocin kamfani, wato saba, waɗanda za su ɗauki jama'a dare da rana, sannan duk wannan kuɗin ana kashe shi ne kafin ko sisi ya shigo.

Kamfanin Blizzard, wanda ya fitar da World of Warcraft a 2004 har masu biyan kuɗin wata suka kai miliyan 12 a 2010, ya shafe kusan shekara bakwai yana aikin wani wasa mai suna Titan, amma a 2014 ya sanar cewa ya watsar da shi, kuma daga ragowar aikin ne aka ƙera Overwatch. An nuna EverQuest Next a 2013, mutane suka yi ta zumuɗi, aka soke shi a watan Maris na 2016 ba tare da ya fito ba. Star Citizen ya fara karɓar gudummawar jama'a a 2012 da alkawarin kammalawa a 2014, ya tara fiye da dala miliyan 700, kuma shekara goma bayan wancan wa'adin yana nan a matakin gwaji. Shi kuwa wasan Riot da kake jira, an fara maganarsa a Disamban 2020, mutumin da ya jagoranci aikin, Greg Street, ya bar kamfanin a 2023, sannan a Maris na 2024 Marc Merrill, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Riot, ya bayyana cewa sun sake wa aikin alƙibla kuma za a yi shekaru ba a ji ɗuriyarsa ba. Chrono Odyssey ma an yi gwajinsa a watan Yunin 2025, daga baya aka ɗage fitowarsa.

Ko wasan ya fito, ba shi ke nan ba. New World na Amazon ya fito a Satumban 2021 bayan ɗagewa sau da yawa, mutum fiye da 900,000 suka shiga a lokaci guda ta Steam, dandalin sayar da wasannin kwamfuta, ana bin layi na awoyi kafin a samu shiga, amma cikin 'yan watanni yawancinsu suka watse, kuma a Oktoban 2025 kamfanin ya ce ya daina ƙara masa sabon abu. ArcheAge na farko, wanda kake jiran magajinsa, an rufe sabobinsa na Turai da Amurka a Yunin 2024.

Biyan kuɗi kafin fitowa cinikin biri a sama ne, ban ba ka shawarar yinsa ba. Batun kwamfuta kuma, kamfani ba ya tsayar da ƙarfin na'urar da wasa yake buƙata sai dab da fitowa, kuma waɗannan biyun na Kakao an gina su ne da Unreal Engine 5, manhajar ƙera wasanni wadda take da cin katin hoto. Idan ka saya yau domin wasan da ba a san ranarsa ba, kana iya tarar da cewa ta yi masa kaɗan. Maganar mai shago cewa farashi zai tashi, duk mai sayarwa haka yake faɗa, kuma kai da kake Circle ka fi ni sanin wannan.

Rabi, Madina

Malam Sani ya gama magana a kan alkawuran kamfanoni, ni kuma zan taɓo abin da bidiyon talla ba ya nunawa, domin aikina haɗa layukan intanet ne. Bashiru, kafin ka tambayi ƙarfin kwamfuta, ka tambayi inda saba take. Duk lokacin da ka danna maɓalli, saƙon zai tafi can ya dawo, kuma haske a cikin wayar gilashi mai ɗauke da intanet yana cin kusan kilomita 200 ne a milisakan guda, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Daga Accra zuwa Landan kimanin kilomita 5,100 ne a miƙe, wato zuwa da dawowa ba zai gaza milisakan 50 ba ko da an ja waya kai tsaye. Wayoyin ƙarƙashin teku kuwa gaɓa suke bi, su zagaya ta yammacin nahiyar su nufi Fotugal da Ingila, ga kuma na'urorin da saƙon yake ratsawa a hanya, shi ya sa jinkirin da muke gani zuwa Turai yakan kusan ninka wancan, zuwa Amurka kuma ya fi haka. Babu kwamfutar da za ta rage wannan komai tsadarta.

Wasu suna cewa da kamfanoni za su ajiye saba a Afirka ta Kudu, inda Microsoft ya buɗe cibiyoyinsa a 2019, Amazon kuma a Cape Town a 2020, da mun huta. Gare mu a Ghana sauƙin ba shi da yawa, domin nisan Accra da Cape Town bai bambanta sosai da nisan Accra da Landan ba.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne salon faɗan wasan. A World of Warcraft kana zaɓar abokin gaba ne ka riƙa sakar masa dabaru, kuma tsakanin dabara da dabara akwai jira na kusan sakan ɗaya da rabi. A Final Fantasy XIV sakan biyu da rabi ne. Old School RuneScape kuwa komai nasa yana tafiya ne a bugun sakan 0.6. A irin waɗannan, jinkirin milisakan 100 ba ya hana ka komai. Chrono Odyssey kuma faɗansa na kaucewa ne da tare sara a daidai ƙiftawar ido, don haka za ka ga jaruminka ya kauce a allonka, amma saba ta riga ta rubuta cewa takobin ya same shi. Da dodannin wasa ana iya lallaɓawa, amma idan da ɗan Jamus kake karawa, wanda saba take kusa da gidansa, ya riga ka a kowane motsi.

Kada kuma ka manta da ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya durƙushe a ƙasar nan, gyaran kuma ya ɗauki makonni. Wanda ya biya kuɗin wata a lokacin, kwanakinsa sun ci gaba da ƙirguwa.

Awudu, Asawase

Yaya Sani da Yaya Rabi, da izininku ina da ɗan bambancin ra'ayi, domin kada mu kashe wa yaron nan gwiwa gaba ɗaya. Ba kowane jira ne yake ƙarewa da takaici ba. Final Fantasy XIV ya fito a 2010 a lalace, har Square Enix ya nemi afuwar jama'a, ya miƙa aikin ga Naoki Yoshida, aka rufe shi a Nuwamban 2012, aka sake fitar da shi a Agustan 2013, kuma yanzu yana cikin manyan wasannin wannan fanni. Makonnin farko na sabon wasa ma suna da daɗin da ba ya maimaituwa, lokacin da babu wanda ya san hanya, kasuwa ba ta daidaita ba, kowa talaka ne, kuma wanda ya zo bayan shekara biyu sai ya tarar an rubuta komai an ajiye masa.

Sai dai a ganina abin da ya kamata Bashiru ya tanada tun yanzu shi ne abokan wasa. Waɗannan wasanni ba a cin moriyarsu a kaɗaice, kuma mu a nan muna da matsalar lokaci da ba a cika faɗa ba. Ghana tana kan agogon GMT duk shekara, ƙungiyoyin Turai kuma sukan sa babban farmakinsu da ƙarfe takwas na dare agogon Jamus da Faransa, wanda a wurinmu ƙarfe bakwai ne idan suna hunturu, ƙarfe shida idan suna bazara. Wato ko dai ya faɗo a kan Magariba ko a bakin Isha'i, kuma mutum ashirin ba za su tsaya a ƙofar dodo suna jiranka ka dawo daga masallaci ba. Maganin shi ne ƙungiya tamu da za ta sa lokacinta bayan Isha'i.

Mu 'yan kaɗan a Asawase da Tafo muna buga Albion Online, wanda kamfanin Sandbox Interactive na Berlin ya fitar a 2017, ya zama kyauta a 2019, ya sauka a waya a 2021, kuma a Afrilun 2024 ya buɗe saba ta Turai a Amsterdam. Asusu guda ne a waya da kwamfuta, saboda haka kana iya farawa da wayar da ke hannunka, ka koyi kasuwa da aikin ƙungiya, ranar da ɗayan waɗancan ya fito sai mu ƙaura tare.

Bashiru, Nima

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Zan dakata da sayen, kuma Yaya Awudu zan neme ka a kan Albion. Yaya Rabi, ta yaya zan gane ko sabon wasa zai yi mini aiki kafin in kashe kuɗi, kuma mene ne ya dace in saya tun yanzu?

Rabi, Madina

Ka sa wasannin a jerin abubuwan da kake so a Steam, ka nemi shiga gwajin beta, wato gwajin da ake ba jama'a kafin fitowar wasa, idan an buɗe, domin yawanci kyauta ne, kuma kana iya gwadawa a kwamfutar aboki ko a shagon wasanni. Idan ka shiga, ka zaɓi saba ta Turai, ka duba adadin jinkirin da wasan yake nunawa da misalin ƙarfe tara na dare, lokacin da unguwa duka take kan layi, tunda a lokacin za ka riƙa bugawa. Ka kuma tabbatar cewa shafin wasan yana buɗuwa da asusun Ghana, domin wasannin Koriya ana raba lasisinsu ne yanki-yanki, kuma akwai waɗanda ba a sakin su a kowace ƙasa.

Abin da za ka iya saya yanzu shi ne wanda ba ya tsufa da wuri: na'urar UPS mai riƙe wa kwamfuta wuta na ɗan lokaci saboda ɗaukewar wuta a tsakiyar wasa, da layin intanet na gida wanda za ka jona da waya maimakon dogaro da datar salula. Ka lissafa datar da kyau, domin Final Fantasy XIV kaɗai yana neman gurbin gigabait 140 a kwamfuta, ban da sabuntawar da take zuwa lokaci-lokaci. Katin hoto shi ne na ƙarshe, ka bar shi sai kamfani ya wallafa ranar fitowa tare da ƙarfin na'urar da yake buƙata.