Me digirin kiɗa yake koya wa ɗalibi a shekara huɗu?

Tambaya: 'Yan'uwa, me ya sa ɗalibi zai gama digirin kiɗa ya iya rubuta nota (alamomin rubuta sautin kiɗa a takarda), amma ya kasa haɗa waƙa guda a situdiyo? Sana'a ake koyarwa ko nazari?

Amsa ta 1: Ɗan'uwa, tushen abin tsohon tsari ne. Tun da aka buɗe sashen kiɗa a Jami'ar Najeriya da ke Nsukka a 1961, manhajar ta fi karkata ga fiyano da ka'idojin Turai. Fiyano ya raba zangon sauti (daga "do" zuwa "do" na gaba) gida 12 daidai wa daida. Goge ba shi da matakala irin na wuyan jita, yatsa ne ke zamewa a kan tsirkiya. Kalangu kuwa matsa shi ake yi a hammata don ya bi hawa da saukar muryar Hausa. In ka tilasta su cikin nota, zamewar nan ta ɓace, kuma ita ce zaƙin kiɗan.

Amsa ta 2: Kayan aiki ma matsala ne. Fiyano yana da tsirkiya sama da 200, yana son saiti sau biyu a shekara. Hunturu na busar da katakonsa, sautin ya sauka. Ɗalibin da ke horar da kunnensa a kan irin wannan fiyanon, kuskure yake haddacewa.

Amsa ta 3: Malam, ban yarda a mayar da jami'a situdiyo ba. FL Studio, manhajar haɗa waƙa a kwamfuta, ana koyonsa a 'yan watanni. Horar da kunne, tarihi, da Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 su ne sai an zauna. A dai ɗauko makaɗan gargajiya su koyar, ko ba su da takarda.