Neman shawara: ina son kallon gasar sumo a Tokyo

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wurin aiki za su tura ni kwas Tokyo a watan Satumba, in Allah ya yarda. Ni kuwa tun ina yaro kokawa ce abin so na, kuma ba na son in dawo ban ga sumo, kokawar gargajiyar Japan, da idona ba. Kuɗina ba su da yawa. Wane tikiti zan saya, ƙarfe nawa ake zuwa, kuma yaya batun salla da abinci? Don Allah wanda ya taɓa zuwa ya taimaka.

Wani mazaunin Tokyo:
Wa alaikumus salam Malam. Ka yi dace da lokaci. Manyan gasa shida ake yi a shekara, kowace kwana 15, daga Lahadi zuwa Lahadi. Tokyo na da uku: Janairu, Mayu da Satumba, duk a zauren Kokugikan da ke Ryogoku, dab da tashar jirgin ƙasa. Sauran suna Osaka, Nagoya da Fukuoka. Tikiti ne matsalar. Zauren yana ɗaukar mutum wajen 11,000 amma kujerun kan ƙare da wuri, don haka ka saya ta intanet tun kana gida, ranar da aka buɗe sayarwa a shafin hukumar sumo. Ka nemi kujerar bene, ta tsakiyar mako, ita ce mai sauƙi. Wurin ƙasa da suke kira "masu" da Japananci, ɗan akwati ne na mutum huɗu, a cire takalmi a tanƙwashe ƙafa kan matashi. Ga tsada, ga ciwon gwiwa.

Wata ɗaliba:
Yaya, kada ka tafi da sassafe. Tun safe ake farawa da ƙananan 'yan kokawa, zaure duk wayam. Ka isa wajen ƙarfe 2, manyan suna shigowa kafin ƙarfe 4, a tashi ƙarfe 6.

Mazaunin Tokyo:
Ƙanwata, a nan ban bi ki ba. Ga mai son kokawa don kokawa, safiyar nan tana da daraja. Babu hayaniya, sai ka ji ƙarar haɗuwar kai da kai da numfashin samarin har bene, ka ga yadda ƙafa ke jan ƙasa. Da yamma ihun jama'a yana rufe wannan duka.

Wani dattijo daga Maraɗi:
Ɗana, ka shirya zuciyarka, ba irin kokawarmu ba ce inda ake daɗewa ana neman kamu. Fagen ɗan da'ira ne, faɗinsa mita 4.55. Wanda aka tura waje, ko wani sashe na jikinsa ban da tafin ƙafa ya taɓa ƙasa, ya faɗi. Sau da yawa daƙiƙa kaɗan an gama. Amma kafin nan sai su ɗauki kusan minti huɗu suna watsa gishiri, suna buga ƙafa, su tsuguna su zuba wa juna ido, su miƙe su koma. Nan ne kallon yake. Ka lura da fuskar wanda ya fara kau da kai. Kuma babu ajin nauyi, ƙarami kan kayar da ƙato da dabara, ranar sai zauren ya ɗauka. Al'adun na addininsu na Shinto ne, kai kallo ya kai ka. Ka sani kuma ɗamara kawai suke ɗaurawa, jiki a buɗe, in da iyali za ka.

Ɗaliba:
Batun abinci, Yaya, ka yi hattara. Miyar 'yan sumo, canko, wani lokaci da naman alade ake yin ta. Tsiren kajin zauren ya yi suna, amma ba yankanmu ba ne, kuma romon da ake shafa masa kan zo da giyar girki. Ka ci ka ƙoshi kafin ka shiga. Salla kuwa, ana barin mutum ya fita sau ɗaya ya dawo da tikitinsa. La'asar a Satumba wajen ƙarfe 3 take shiga, sai ka fita da dardumarka ka dawo kafin manyan su shigo. Magariba tana faɗawa daidai lokacin tashi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, shin Musulmi ya taɓa shiga wannan kokawa kuwa?

Dattijo:
Ƙwarai. Wani ɗan Masar da ake kira Osunaarashi ya kai babban rukuni a 2013, kuma yakan yi kokawa da azumi a bakinsa idan gasa ta faɗo cikin Ramadan. Allah ya kai ka lafiya, in ka dawo ka ba mu labari.