Ɗan daudu ne ko mara lafiya? Abin da ya faru a zauren Adarawa mazauna Yamai

Sani Bukoki: Jama'a ku taya ni ji. Wani na kusa da ni, mai mata da 'ya'ya biyu, matarsa ta dawo daga kasuwar Katako da wuri ta iske shi a ɗaki da zanenta da rigar mamanta a jikinsa. Da na tsare shi sai ya fashe da kuka. Wai tun yana saurayi yake yi a ɓoye, sha'awa ke taso masa in ya sa, in ta lafa kuma ya tsani kansa har barci ya gagara. Na kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, jika goma na biya, sai ya ce mini sa kayan ba shi ne ciwon ba, ƙuncin za a yi wa magani. To kuɗina na mene ne?

Alhaji Illa: Mi za a kai ma likita? Ɗan daudu na, shi ke nan.

Rabi mai jinya: Alhaji ka yi haƙuri, ba ɗan daudu ba ne. Ɗan daudu a fili yake, maganarsa da tafiyarsa da sana'arsa kowa na gani, sau da yawa ma kayan maza ne a jikinsa. Wannan kuwa ƙofa yake rufewa. Littafin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, DSM-5 na 2013, ya ce ba a kiran abin cuta sai ya kai wata 6, kuma yana jefa mutum cikin ƙunci ko yana taɓa aikinsa da zaman gidansa. Yawancinsu mata suke so, da aurensu. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ma ta cire shi daga sabon kundinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022.

Alhaji Illa: Ɗiyata, Amurka za ta gwada min ɗan daudu? Na girme littahin nan.

Mahamadu Direba: Ni dai a daina liƙa mana wannan kalma. Adar ba ta san daudu ba, daga Maraɗi da Kano aka kawo shi.

Zali: Mahamadu ka iya bakinka, innata 'yar Maraɗi ce. Kuma muna yara wa ke tuyar masa a tashar Tawa? Ba ka ci ba? Har gyara kake roƙo.

Mahamadu Direba: Baƙi ne! Ki tambayi kowa.

Zali: Wane kowa? Kai da tun watan azumi ba ka zuba adashe ba kake maganar asali.

Mahamadu Direba: Admin ka gani ko? Ina ruwan adashe da wannan?

Malam Hamza: Ku bar wannan. Akwai hadisi ingantacce da ya la'anci maza masu kwaikwayon mata. Kuma wanda ke kuka bayan ya yi, ai ba shi kaɗai ba ne a jikinsa. Aljana ce. A kawo shi a yi masa ruƙiyya.

Rabi mai jinya: Malam ba wanda ya yi fatawa a nan. Mutum ba ya barci, aurensa na rawa. Irin wannan ƙuncin ne ke kai wasu ga cutar da kansu, shi likitan ya hango.

Alhaji Illa: To in ba ɗan daudu na ba, ki ba mu sunansa da Hausa.

Rabi mai jinya: Rashin suna ba ya mai da shi abin da ba shi ba ne.

Alhaji Illa: Kun ji. Ba ta da shi.

Hajiya Mariama: Sani, kai kuma ka ji kunya. Mai 'ya'ya biyu da matarsa ke zuwa Katako, nawa ne a danginku? Ka tona asirin yaro gaban mutum sama da ɗari don jika goma. Goge saƙon nan.

Admin Abdu: To an rufe. Abin da aka tsayar: dattawa sun yi magana, Alhaji ya faɗi sunan abin kuma ba a kawo wani ba. Malam Hamza zai duba shi. Bayanin Rabi mun gode, amma na Turawa ne. Zali, ki nemi gafarar Mahamadu, Adar ba abin wasa ba ce.

Zali: Ɗan ɗakinku ne shi ya sa.

Sani Bukoki: Likitan ya ce mu koma ran Talata. In kai shi ko in bari?