Riƙe lissafi a ka: shawarwarin 'yan gwari na Mile 12

A majalisar 'yan gwari ta kasuwar Mile 12 da ke Legas an tattauna matsalar mantuwa, musamman ta bashin da ake bayarwa da baki. Wani malamin makaranta ya ce ƙwaƙwalwa ba ta riƙe abubuwa da yawa lokaci guda. Masanin halayyar ɗan Adam George Miller ya ƙiyasta abubuwa bakwai a 1956, daga baya wani masanin, Nelson Cowan, ya ce kusan huɗu ne. Shi ya sa lambar waya ta fi zama a ka idan an yanka ta gida uku.

Shawarar da ta fi karɓuwa, kuma ni ma ita na fi yarda da ita: a rubuta bashi nan take, kafin wani mai saye ya katse ka. Hankali ba ya rabuwa biyu, tsalle yake yi daga wannan aiki zuwa wancan, a nan lissafi ke zubewa.

Alaramma ya ce karantowa da ka ta fi yawan duba allo amfani, kuma a rarraba bita cikin kwanaki. Tun 1885 wani masani Bajamushe, Ebbinghaus, ya nuna mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko. Batun isasshen barci kuwa dariya aka yi, ganin motocin tumatir ba sa jiran kowa, amma barci yana taimaka wa hadda ta zauna.