Zomona ya daina ci kuma cikinsa ya yi tauri: wa ya taɓa shiga wannan hali?

Mai Farin Zomo

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu riƙon zomo. Jiya da yamma na kai wa zomona ganye, ya kau da kai. Shekararsa uku, kuma ko motsin leda ya ji sai ya rugo, don haka nan take gabana ya faɗi. Ya takure a lungu, ya kwanta ya manna cikinsa a ƙasa, ya miƙe, ya sake kwanciya, ya rasa inda zai sa kansa. Kunnuwansa sun yi sanyi, kashi ko ɗaya ban gani ba tun rana, kuma cikin daga ƙasan haƙarƙari ya yi tauri. A daren na kai shi wajen likitan dabbobi, can ya kwana, an ce toshewar hanji ake zargi. Don Allah wanda ya taɓa gani ya faɗa mini yadda nasa ya ƙare, mai daɗi ko marar daɗi.

Uwar Zomaye

Wa'alaikumus salam. Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Nawa marar daɗin ne, amma zan faɗa saboda kin yi abin da ni ban yi ba.

Bara zomanyata ta yi duk abin da kika lissafa, har da niƙa haƙora da ƙarfi, wanda a wurin zomo alamar azaba ce. Na daɗe da sanin cewa ba a barin zomo da yunwa, sai na dama abincinta na ɗauko sirinji na fara ɗura mata. Tana ƙi ina matsa mata. Na kuma riƙa murza cikin wai don iska ta fita. Na ce idan gari ya waye sai asibiti. Ba ta kai safiya ba.

Na roƙi likita ya buɗe ta don in san dalili. Abin da ya ciro ɗan dunƙulen gashi ne da ya cure ya yi tauri, girmansa bai wuce ƙwayar kashinta ba, ya maƙale a farkon ƙaramin hanji. Ya ce mini zomo ba ya amai, ba ya gyatsa. Idan hanya ta toshe daga ƙasa, yawu da ruwan tumbi suna ci gaba da taruwa, iska ta haɗu da su, tumbin ya kumbura har ya danne jijiyoyin jini. Ni kuma da hannuna na ƙara masa kaya. Har yau idan na tuna sai na yi kuka.

Baban Zomo Biyu

Allah ya ba ki haƙuri Hajiya, neman lafiyarta kika yi.

Nawa ya zo da sauƙi, kuma ina ganin ya kamata a bambanta. Na canja musu abinci rana ɗaya ba tare da na bi a hankali ba, sai ƙaramin ya ƙi cin na dare. Da na taɓa cikin laushi ne da shi, ana jin ƙugi a ciki, kuma akwai 'yan ƙananan kashi a wurinsa. Na kira likitanmu a waya, ya ce in ba shi simethicone, irin na ɗigawa da ake ba jarirai don iska, in naɗe kwalbar ruwan ɗumi da tawul in ajiye a gefensa, in sa shi ɗan tafiya. Cikin awa biyu ya fara tsinkar ciyawa. Amma ya ja mini kunne: da ya ji na ce cikin ya yi kamar ganga, ba zai ce in ba shi komai ba, sai dai in taho.

Mai Taimakon Likita

Ni ba likita ba ne, shekara shida ke nan ina riƙe wa likita dabbobi a ɗakin duba, kuma zomaye masu irin wannan ciwo da yawa sun bi ta hannuna. Abu biyu ne suke kama da juna a ido.

Na farko hanji ne ke yin sanyi ya rage aiki. Wannan yana zuwa a hankali: cin abinci ya ragu, kashi ya ƙanƙance ya bushe, kwana ɗaya ko biyu. A nan ne ɗura da sirinji ke da amfani, da ƙarin ruwa da maganin motsa hanji. Na biyu shi ne toshewar hanji, irin na Hajiya: zomo lafiya lau da safe, da yamma ya kwanta. Wannan a cikin awanni yake kisa, kuma ɗura, murza ciki da maganin motsa hanji irin su metoclopramide duk ƙara ɓata shi suke yi.

Idan aka kawo mana, zafin jiki muke fara aunawa. Na zomo mai lafiya tsakanin digiri 38.5 ne zuwa 40. Idan ya faɗo ƙasa da 38 sai mu fara ɗumama shi kafin komai. Sai hoton ciki, sai a ɗan ɗiga jini daga kunne a auna sukari. Wata likitar dabbobi a Ingila, Frances Harcourt-Brown, ta wallafa bincike a 2012 kan zomaye 907, inda aka ga waɗanda hanjinsu ya toshe sukarinsu na haurawa sama da 20 a ma'aunin mmol/L, na masu sanyin hanji kuwa yana kusa da 8.5. Wannan ɗigon jinin ya sha yanke mana shawara da sauri.

Daga nan allurar kashe raɗaɗi mai ƙarfi, ruwa ta jijiya, wani lokaci a kwantar da shi da allura a zura siririn bututu ta baki a zuƙe ruwan da iskar. Na ga waɗanda dunƙulen ya gangara da kansa ya wuce bayan an yi haka, na ga waɗanda sai da aka yi tiyata. Na kuma ga waɗanda aka kawo a makare. Ban da gashi, mun taɓa ciro zaren kafet da busasshiyar ƙwayar masara.

'Yar'uwa, kai shi da kika yi a daren nan shi ne babban abu. Zomon da ya yi awa 12 bai ci ba bai yi kashi ba ya kamata a kai shi asibiti, balle mai ciki kamar dutse, wannan ba a jira ko awa ɗaya.

Ƙanwar Mai Zomo

Ni zomon yayata nake kula da shi idan ta yi tafiya. Ranar da ya yi kumburi saura kaɗan in ba shi ragowar amoxicillin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, da ke gida. Allah ya sa na kira ta tukuna. Ashe shi da penicillin da clindamycin, idan aka ba zomo ta baki, suna kashe ƙwayoyin da ke narkar masa da abinci a hanji, zai iya mutuwa. Ruwan abarba da ake cewa yana narkar da gashi ma likita ya ce ba ya narkarwa, sukari kawai ake ƙara masa.

Namu ashe haƙori ne tushen matsalar. Haƙoran zomo ba sa daina girma, na ciki ya yi tsini yana yankar harshe, shi ya sa ya bar ciyawa, hanji ya yi sanyi. Tun da aka gyara, busasshiyar ciyawa ce mafi yawan abincinsa, kuma lokacin zubar gashi kullum sai mun taje shi.

Mai Farin Zomo

Na gode muku ƙwarai, musamman Hajiya, na san bai zo miki da sauƙi ba. Yanzu na dawo daga wajensa. Sukarinsa 22 ne da muka isa jiya, an zuƙe masa ciki da bututu, an sa masa ruwa. Da asuba aka sake hoto, likita ta ce iskar ta gangara ƙasa, alamar abin ya wuce, ba sai an yi tiyata ba. Zafin jikinsa ya dawo 38.7. Ina tsaye ya yi kashi guda huɗu, ƙanana, biyu a haɗe da zaren gashi. Bai fara ci da kansa ba, sun fara ba shi kaɗan-kaɗan da sirinji, kuma zai ƙara kwana ɗaya a can saboda suna so su duba ƙodarsa. Ku ci gaba da sa shi a addu'a.