Lacca kai tsaye ko wadda aka naɗa: wacce ta fi dacewa da ɗalibanmu a Legas?

Malamin ƙididdiga, Agege

Assalamu alaikum. Ina koyar da ilimin ƙididdiga ga ɗaliban aji biyu a wata jami'a a nan Legas, kuma a wannan zangon sashenmu ya yanke shawarar cewa rabin laccocin kwas ɗin za a gabatar da su ta intanet, saboda ɗaliban sun haura ɗari biyu, ɗakin da aka ba mu kuwa ko rabinsu ba ya ɗauka. An bar wa kowane malami zaɓi, ko ya yi laccar kai tsaye ta Zoom ko Google Meet a lokacin da ke kan jadawali, ko kuma ya naɗa ta ya ɗora domin kowa ya kalla sa'adda ya samu sarari. Raina ya fi kwantawa da kai tsaye, domin ƙididdiga darasi ne da ake gina shi bulo kan bulo, dole malami ya san inda ɗalibi ya ɓace kafin ya wuce gaba. Sai dai na gwada hakan a 2020 lokacin kullen korona, kuma abin da na gani ya dame ni: ɗalibai suna shiga suna fita saboda sabis, waɗanda suka jure har ƙarshe kuwa su ne masu hali. Ina neman shawarar waɗanda suka koyar ko suka yi karatu ta wannan hanya.

Ɗaliba, Idi-Araba

Wa alaikumus salam, Malam. Ni ɗaliba ce mai karatu daga nesa, kuma ina aiki da rana, saboda haka zan faɗi yadda abin yake daga ɓangarenmu. Awa guda ta lacca kai tsaye da bidiyo a kunne tana iya cin data kusan gigabait guda, kuma tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, wannan ya zama lissafin da ɗalibi ke yi kafin ya shiga aji. Ga kuma wanda lokacin laccar zai riske shi a cikin danfo (motar haya ta Legas), gosulo ya riƙe shi a Oshodi, babu halin rubutu balle tambaya. Wadda aka naɗa kuwa ina sauke ta da datar dare mai rahusa, in tsayar, in koma baya, in sake sauraron wurin da ya shige mini duhu har sau uku ba tare da jin kunyar kowa ba. Amma ba zan ɓoye maka illarta ba, Malam. Idan babu abin da ke tilasta mana kallo a kan lokaci, faifan yakan taru, sai jarrabawa ta matso mutum ya tarar da awa ashirin a gabansa.

Tsohon malamin jami'a, Obalende

Ƙanena, maganar wannan ɗiyar tamu ta ƙarshe ita ce ya kamata ka riƙe. Koyarwa daga nesa ta girmi intanet a ƙasar nan. Jami'ar Legas ta fara karatu ta wasiƙa tun shekarun 1970, kuma shi ne asalin cibiyar karatu daga nesa da take da ita yanzu a Akoka. Jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, wato NOUN, an kafa ta a 1983 zamanin Shagari, aka dakatar da ita a 1984, sannan aka farfaɗo da ita zamanin Obasanjo, hedikwatarta tana Victoria Island kafin ta koma Abuja. Dukansu ba su taɓa miƙa wa ɗalibi littafi ko faifai su juya masa baya ba. Akwai cibiyoyin karatu da lokutan haɗuwa da malami, saboda an gane cewa ɗalibin da babu wanda ke jiran aikinsa yakan yi sanyi.

A ganina ka raba aikin gida biyu. Bayanin da ba ya sauyawa, kamar yadda ake fitar da matsakaici ko ma'anar yiwuwar aukuwar abu, ka naɗa shi guntu-guntu, kowane kada ya wuce minti goma sha biyar, kuma kowane ya tsaya kan mas'ala ɗaya. Zaman kai tsaye kuma ka mayar da shi na warware lissafi da amsa tambayoyi, sau ɗaya a mako, bayan ɗalibai sun riga sun kalli bayanin sun gwada aikin da ka ba su. A nan ne za ka ga inda suka ɓace, wanda shi ne abin da kake tsoron rasawa. Na san shekarar farko akwai wahala, domin naɗar minti goma sha biyar mai tsabta takan ci wa mutum awa guda ko fiye.

Mai gyaran kwamfuta, Mile 12

Malam, ina tare da Baba, sai dai zan ƙara gargaɗi ɗaya. Kada ka naɗi zaman kai tsaye na awa biyu ka ɗora shi a matsayin lacca, domin yana da nauyin saukewa, kuma rabinsa jiran masu shigowa ne da tambayar ko ana jin ka. Murya ta fi hoto muhimmanci, don haka ka nemi ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga, ka yi naɗar bayan sallar asuba kafin janaretocin unguwa su tashi. PowerPoint yana iya naɗar muryarka tare da shafukan, ko kuma ka kafa wayarka a saman farar takarda ka riƙa rubuta lissafin da hannu. Ka rage girman faifan kafin ɗorawa, ka haɗa da takardar PDF ga wanda datarsa ta ƙare. Ka kuma tuna cewa Zoom na kyauta yana yankewa bayan minti 40, kuma mutum ɗari kawai yake ɗauka, don haka sai jami'a ta ba ka lasisinta ko ka raba ɗaliban rukuni-rukuni.

Malamin ƙididdiga, Agege

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Zan kai wa shugaban sashe wannan tsari na raba aikin biyu. Abin da ya rage mini shi ne halartar aji, domin dokarmu ta ce sai ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin ɗari na laccoci kafin ya zauna jarrabawa. Baba, yaya ake ƙirga halartar wanda ya kalli faifai a ɗakinsa?

Tsohon malamin jami'a, Obalende

Ka sa tambayoyi uku ko huɗu a ƙarshen kowane faifai, a Google Forms (fom ɗin amsa tambayoyi ta intanet) ko a Moodle (manhajar koyarwa ta intanet) idan jami'arku tana amfani da shi, ka rufe karɓar amsa daren da za a wayi gari a yi zaman kai tsaye. Wanda ya amsa a kan lokaci shi ne ya halarta. Amma ka tabbata sashe ya amince da hakan a rubuce kafin zangon ya fara, kada wani ɗalibi ya cutu a lokacin jarrabawa.