Neman shawara: zan raka Inna asibiti Alƙahira, Yaya ya hana ni zuwa gidan tarihi

'Yar Mabera: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku ba ni shawara kaina ya ɗau zafi. Innarmu shekara uku tana fama da gwiwa, mun yi na asibiti mun yi na gida, har Kwanni munka kai ta wurin wani mai ɗori, daga baya likita yac ce sai an canja gwiwar gaba ɗai. Yayanmu na Abuja shi ad da ƙarfi cikinmu, shi yab biya komi, ni kuma anka ce in raka ta tunda ni ka kwana da ita tun rasuwar Baba, ƙanwata goyo gare ta. To ni malamar tarihi ce a wata sakandaren 'yan mata, shekara tara ina zana ma yara kogin Nilu da dala bisa allo ban taɓa gani da idona ba. Na yi zubin adashe na kwashe, kuɗina ne ba nashi ba, nac ce mashi ina son wuni guda in shiga gidan tarihi, sai yac ce wai ba yawon buɗe ido yat tura ni ba, ya kashe waya. Tun shekaranjiya bai ɗaga ba. In tai ko in haƙura?

Ɗan Kanwuri: Wa alaikumus salam Malama. Sau shida ina zuwa Masar, ki saurare ni da kyau. Wane gidan tarihin? Ba guda ba ne. Akwai tsohon na dandalin Tahrir da anka buɗe 1902, shi mutanenmu sunka sani, suna zuwa neman gawar Fir'auna su tarar ba ta nan. Tun Afrilun 2021 anka kwashe gawarwaki 22 na sarakuna da sarauniyoyi, har da Ramsis na biyu, anka kai su wani gidan a Fusɗaɗ, tsohon yankin Alƙahira. Sannan ga babban sabon da ke kusa da dalar Giza, Nuwamban 2025 anka yi bukin buɗe shi, can kayan sarki Tutankamun suke, sun fi dubu 5. Wuni guda ba ya isarki ukun ga, cunkoson motocin Alƙahira kaɗai ya cinye rabin wunin. Ki zaɓi Fusɗaɗ, masallacin Amru ɗan Asi na kusa, ki yi azahar can ki koma wurin Inna.

Maman 'Yan Biyu, Arkilla: 'Yar uwa wa za ki bar ma tsohuwar? Wanda anka yi ma aikin gwiwa ko bayi sai an kama shi. Ni da na yi jinyar uwar mijina wata biyu babu ɗiyanta ko guda da ya kwana, ina fita sayen magani anka ce na bar ta ita kaɗai, har yau maganar na bina a dangi. Mai jinya ba ta da gaskiya ko mi ta yi, ki zauna abinki.

'Yar Mabera: Ai ba wurgar da ita zan yi ba Maman 'Yan Biyu, akwai ɗiyar maƙwabtanmu da ke karatu Azhar, tac ce tana zama da ita. Kuma ita Innar da bakinta tac ce in tai.

Malam na Gidan Igwai: Ni abin da ya dame ni daban ne. Mi za ki je yi wurin gawar azzalumai da gumaka? Manzon Allah (SAW) da ya bi ta Hijir, garin Samudawa, ya hana sahabbai shiga sai suna masu kuka. In kina da wuni guda ga Azhar, ga kabarin Imam Shafi'i.

Ɗan Kanwuri: Allah gafarta Malam, Suratu Yunus aya ta 92 fa? Allah ya ce zai tsirar da jikin Fir'auna ya zama aya ga na baya. Wanda ya je don ɗaukar wa'azi ba kallo ya je ba. Ɗakin gawarwakin ma duhu-duhu ne, an hana hoto, mutum na shiga jikinshi ka yin sanyi. Kuma Malama in gumakan ne matsala akwai gidan kayan tarihin Musulunci a Babul Halƙ, tsofaffin Alƙur'anai da fitilun masallatai. Amma ki riƙe katin banki mai aiki waje, wurare da yawa ba su amsar tsabar kuɗi a ƙofa, kuma kuɗin baƙo ba ɗaya ba ne da na ɗan ƙasa.

Malam na Gidan Igwai: Alhaji ayar ba ta faɗi sunan gawar da ke cikin gilashi ba. Masu binciken ma sun saɓa kan wane ne na zamanin Annabi Musa.

Ɗan Runjin Sambo: Anti tambaya guda, kin taɓa kai ɗalibanki gidan tarihin Waziri Junaidu nan cikin gari? Ko Hubbare, ko Wurno wurin kabarin Sarkin Musulmi Bello? Abin ga na yi man ciwo wallahi, nan Giginya anka gwabza da Turawa 1903, ka tambayi yaro ɗan sakandare bai sani ba, amma kowa Masar Masar. Na kai baƙi daga Kano wani wurin tarihi bara munka tarar an kulle, mai mabuɗi ya tai biki, kunya kamar in nutse.

'Yar Mabera: Ƙanena duk shekara ina kai su, da kuɗin motar aljihuna ma. Son wancan bai hana ni son namu ba.

Hajiya ta Minanata: Ɗiyata ki bar batun gidan tarihi tukun, ki gyara da yayanki. Mutum ya fidda miliyoyi hankalinshi na ga uwarshi, kalmar da ya fara ji daga gare ki ta yawo ce, dole ranshi ya ɓaci. Ki sa Inna ta kira shi da kanta.

Ɗan Kanwuri: A'a Hajiya kar a sa tsohuwa tsakiya tana shirin shiga tiyata. Malama ki tai tun kafin aikin, kwanakin gwaje-gwaje akwai sarari, ki ɗau Uber awa huɗu kin dawo, ba sai kin gaya mashi ba.

Hajiya ta Minanata: Ɓoyon nan ne ba ni so Alhaji. Ranar da ya ji fa?

'Yar Mabera: Na gode maku duka, amma kamar ba ku gane ni ba. Ba yawo nac ce mashi ba, kuma shekara uku ni ka wankinta ni ka ɗaga ta, shi sau biyu ya zo. Ɓoyo ba halina ba ne, roƙo kuma ban ga laifin da na yi ba balle in roƙa. Jirginmu Laraba ne. Alhaji wancan na Fusɗaɗ ana buɗe shi ranar Juma'a?